Jinginar Hatsi: Yadda Manomin Birnin Lalle Zai Mayar da Kakarsa Jari

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, amalanke ba ya yankewa a hanyoyin da ke shiga kasuwar Dakoro. Gero da wake da riɗi suna kwararowa daga kowane ƙauye a lokaci guda, domin buƙata ta taso wa kowa a lokaci guda: ga bashin damina, ga yara sun koma makaranta, ga haraji, ga bikin da aka ɗaga sai kaka, ga kuɗin motar saurayin da zai tafi cin rani. Idan kaya ya yi yawa, mai saye ne ke yanka farashi. 'Yan kasuwa su auna, su ɗinke buhu, su loda zuwa mangazun Maraɗi. Sai Yuni ta kama, rumbu ya yi ƙasa, ga shuka ta matso, mutumin da ya sayar da tiyarsa da araha ya dawo yana sayen irin wannan tiyar da tsada, wani lokaci ma da bashi.

Ana yawan taruka a kan yadda za a sa manomi ya zama ɗan kasuwa, kuma galibi maganar tana ƙarewa a kan tallafi da injuna. Ni a ganina abu na farko da ke raba manomi mai sana'a da manomi mai wahala shi ne wa ke zaɓar ranar sayarwa. Wanda matsi ya zaɓar masa rana, ko gonarsa ta yi dami ɗari, wani yake nomawa. Akwai hanyar da aka gwada a ƙasar nan fiye da shekara ashirin, wadda ke mayar wa manomi wannan zaɓi, ta kuma sa masa ɗan jari a hannu cikin rani. Ita ce jinginar hatsi, wadda malaman gona ke kira warantaj.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Manoma su haɗa kai su tara wani kaso na amfanin gonarsu a mangaza ɗaya lokacin kaka. A kulle da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da bashi. Asusun ya ba kowa rancen da bai kai darajar kayansa ba. Mutum ya juya kuɗin cikin wata biyar ko shida, ya biya, a buɗe mangaza lokacin da farashi ya tashi, ya ɗauki buhunansa ya sayar ko ya kai gida. Wani shirin kayan noma na hukumar FAO ne ya fara yaɗa wannan tsari a Nijar wajen 1999, daga nan ƙungiyoyin manoma suka rungume shi, har maƙwabta irin su Burkina Faso suka ɗauka.

Birnin Lalle da ke yankin Dakoro na da abin da ya dace da wannan sana'a. Garin da Gobirawa suka yi wa sarauta bayan sun baro Azbin, tun kafin Alƙalawa da Tsibiri, yana zaune ne a bakin iyakar noma da kiwo. Ruwan shekara a wannan yanki yakan tsaya tsakanin milimita 300 da 400, ƙasar jigawa ce, kuma arewa kaɗan akwai kwarin Tarka da layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma. Wannan yana nufin shekarar ƙamfa ba baƙuwa ba ce, don haka farashin hatsi na motsi sosai tsakanin kaka da bazara. Yana kuma nufin dabba tana kusa: Fulani da Buzaye na saukowa da bisashe zuwa kasuwannin Dakoro da Sakabal, inda ake samun rago a farashin da mutumin Maraɗi ko Katsina ba zai samu ba. Mai hatsi a mangaza da kuɗi a aljihu a irin wannan wuri, hanyoyin juya kuɗi ba za su gagare shi ba.

Mutane kafin gini

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne farawa da neman wanda zai gina mangaza. A fara da mutane. Mutum ashirin zuwa talatin da suka san juna, suka san wa ke biyan bashi wa ke kwana da shi, sun fi mutum ɗari da aka tara don an ji ana rabon wani abu. Asusu ba ya ba mutum ɗaya-ɗaya wannan rance, ƙungiya yake ba, kuma idan mutum ɗaya ya gaza, ba a buɗe ƙofa sai an cike gurbinsa. Saboda haka zaɓen abokan tafiya shi ne rabin aikin.

Ƙungiyar tana buƙatar takarda. Tun da ƙasashen OHADA suka amince da dokar ƙungiyoyin gama-kai a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ƙaramar ƙungiya mai sauƙin tsari, wadda ake kira SCOOPS, na iya kafuwa da mutum biyar. Ana buƙatar taron kafawa, da dokokin ƙungiya a rubuce, da kwamitin gudanarwa, da wani kwamiti daban mai sa ido. Malamin gona na Dakoro ko ma'aikatar magajin gari za su nuna inda ake ajiye takardu. Shiga ƙarƙashin babbar tarayya, irin FUMA Gaskiya da ke Maraɗi, yana ƙara wa ƙaramar ƙungiya nauyi idan ta je gaban asusu.

Wajen zaɓen shugabanni, a raba hannu. Mai riƙe makulli daban, mai riƙe littafi daban, ma'aji daban, kuma kada su fito gida ɗaya. Wannan kariya ce ga su kansu, domin ranar da buhu ɗaya ya ɓace, mutum ɗaya ba zai ɗauki zargin gari shi kaɗai ba. Mai littafi ya zama wanda ya iya rubutu da gaske, boko ko ajami duk ɗaya ne, muddin wani zai iya karantawa a gaban jama'a.

Mata kuwa, sau da yawa sun riga maza sanin wannan horo. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya koya wa dubban mata zubi na mako-mako, da ba da rance, da tara idan an makara, har aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Inda akwai irin wannan ƙungiya a unguwa, ita ce tushe mafi ƙwari. Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne, waken da mace ta noma a gamanarta a rubuta shi da sunanta, rancen ya shiga hannunta. Idan aka rubuta da sunan maigida don kunya, shekara mai zuwa ba za ta kawo ba, kuma tana da gaskiya.

Me za a kai, nawa za a kai

Kafin buhu ɗaya ya bar gida, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi. A ware iri. Sannan maigida ya zauna da uwargida su ƙiyasta abin da gidan zai ci daga kaka zuwa ranar buɗe mangaza, domin ita ta san tiya nawa ke shiga turmi kullum. Abin da ya rage shi ne na jingina, wato daidai abin da da ma za a kai kasuwa. Wanda ya kulle abincin gidansa don ya karɓi rance mai yawa, zai cinye rancen a tuwo kafin Fabrairu, ya zo ranar biya hannu wofi.

Gero ya fi sauƙin ajiya, kuma ko farashi bai tashi ba, ya zama abincin bazara. Wake ya fi kawo riba a yawancin shekaru, saboda kasuwarsa ta wuce iyaka, ta Ɗan Isa da Jibiya har Dawanau a Kano, amma ƙwaro na iya mayar da shi gari cikin wata biyu. Riɗi da gujiya da gyaɗa su ma suna shiga. Ƙungiyar da ke farawa ta tsaya a kan iri biyu, gero da wake, har hannunta ya faɗa.

Ranar karɓar kaya rana ce ta tsanani, kuma gara a ɓata wa mutum rai a ranar da a ɓata wa kowa a watan Mayu. A zazzage kowane buhu a kan tabarma ko tamfol a gaban mai shi. A duba tsakuwa da ƙasa da ƙaiƙayi. A ɗauki ƙwayar wake a ciza: busasshe yana fashewa da ƙara, mai danshi yana lotsewa a haƙori. Wata dabarar ita ce a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a cikin kwalba busasshiya, a rufe, a girgiza, a ajiye ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Tsohon hatsin bara ba ya shiga, ko na wane ne. Awo kuma da tiya ɗaya za a yi wa kowa, ko da sikeli idan akwai. Buhun gero mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. A rubuta sunan mai kaya a jikin buhu da fenti, a rubuta a littafi, a ba shi takardar shaida ya tafi da ita.

Wake yana da nasa sha'ani. Maganinsa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira tare da masu bincike na Afirka, cikinsu har da Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN ta Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Amma sai an bi ƙa'ida. A hura kowace leda a matse ta a ji ko tana fitar da iska, domin hujin da bai kai kan allura ba ya isa ya ɓata aikin. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhu, a zuba wake ana girgizawa don ya zauna. A bar wuya kamar taƙi ɗaya da rabi. A danne ledar ciki a fitar da iska, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko tsinken roba. Sannan a yi wa leda ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban. Daga nan ba a buɗewa don leƙe. Ledar da aka kula da ita tana yin kaka biyu ko uku, kuma waken da bai ga guba ba ya fi daraja a wurin mai saye, ya fi aminci a tukunyar gida.

Mangazar kanta ba sai ta siminti ba a shekarar farko, in dai asusun ya yarda da ita. Ɗakin ƙasa mai rufin da ba ya zuba, da ƙofar ƙarfe, da daɓe marar rami ya isa. A share, a toshe kafar ɓera, a duba gara. Kada buhu ya taɓa ƙasa: a shimfiɗa itace ko katako. Kada ya jingina da bango: a bar tazarar da mutum zai ratsa ya zagaya yana dubawa. A yarda da asusun cewa za a buɗe tare sau ɗaya a wata don a ga halin da kaya ke ciki.

Zama da mai ba da bashi

A nan ne ake samun ciwon kai mafi yawa, kuma tushensa lokaci ne. Idan manoma suka kulle kaya a Nuwamba, kuɗi bai fito ba sai Janairu, amfanin tsarin ya tafi: buƙatun kaka sun riga sun tilasta wa mutum sayar da wani abu, ragunan araha sun wuce. Don haka magana da asusu tana farawa tun Agusta, gero na cikin gona. Wakilan ƙungiya su je da takardunsu da ƙiyasin buhunan da suke sa rai, su buɗe ajiya, su nemi a rubuta musu kwana nawa ne tsakanin kulle ƙofa da fitar kuɗi. Su tambayi asusun ajiya da rance fiye da ɗaya, su tambayi bankin manoma BAGRI, su kwatanta. Su tambayi kuɗin buɗe takarda da duk wani caji da ba a faɗa sai an tambaya. Su tambaya ko wanda ya biya da wuri za a rage masa.

Yawanci asusu yana ba da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na darajar kaya a farashin kaka. Ragowar ita ce kariyarsa idan farashi ya faɗi. Kada a yi jayayya a nemi ƙari. Ƙaramin rance ya fi sauƙin biya.

Ga misali don a ga yadda lissafin ke tafiya, da alƙaluman da aka ɗauka don koyo kawai, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce mutum ya kai buhu 4 na gero, kowane jaka 20 a kaka, wato sefa 20,000, jimla jaka 80. Aka ba shi jaka 60. A ce cajin asusu kashi 2 cikin ɗari ne a wata, wata 6 ya zama sefa 7,200. A ce kuɗin mangaza da mai gadi sefa 100 ne kan kowane buhu a wata, ya zama 2,400. Duk abin da ajiyar ta ci masa 9,600 ne, wato 2,400 a kan buhu. Ma'ana, sai buhu ya wuce 22,400 a ranar buɗewa kafin a ce ajiyar ta biya kanta. Idan ya kai jaka 28, a kan buhu huɗun mutumin ya tsira da sefa 22,400 da da ɗan kasuwa ne zai ci. Kowane ɗan ƙungiya ya kamata ya iya yin wannan lissafi da kansa, ko da a ƙasa da yatsa, kafin ya sa hannu.

Akwai maganar da ba ta kamata a ɓoye ba. Mutanenmu musulmi ne, kuma da yawa suna ƙin wannan tsari saboda kuɗin ruwa. Damuwarsu ta gaskiya ce, bai dace wani ma'aikaci ya yi musu kallon marasa wayewa ba. Jingina kanta halal ce, an ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, dab da ayar da ta yi umarni da rubuta bashi. Inda matsalar take shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. Mafita tana nan ga mai nema. Akwai tsarin murabaha, inda mai kuɗi ke sayen ragon ko takin da kansa ya sayar wa manomi da ribar da aka sani tun farko, a biya daga baya. Bankin Musulunci na Nijar na aiki da irin wannan, kuma ya dace a tambayi kowane asusu ko yana da wannan ƙofa. Akwai kuma hanyar da ta fi jinkiri amma ta fi 'yanci: ƙungiya ta tara nata asusun da zubi, ta ranta wa 'ya'yanta ba ƙari, ta karɓi kuɗin hayar mangaza kawai. A kai maganar gaban malaman gari tun kafin a fara, a zauna da su da takardar yarjejeniya a hannu. Ƙungiyar da liman ya gamsu da ita ba ta rasa mutane.

Kuɗin ya tafi aiki

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Rancen jingina ana biyansa ne daga sana'ar da aka yi da shi, hatsin kuwa ya fito cif ya zama riba. Wanda ya kashe rancen a biki, dole a sayar da buhunansa a biya, ya tashi da ɗan abin da ya saura. Ba a hana mutum cire wani abu don buƙatar da ta matsa, amma kashi biyu cikin uku aƙalla su shiga abin da zai haihu.

A Birnin Lalle, turkar rago ce sana'ar da ta fi kusa da hannu. Yankin Dakoro an san shi da balami, farin ragon nan mai tsawo da faɗin kunne da masu layya ke rububi, ga kuma uda da ara-ara. A 'yan shekarun nan lokaci ma ya taimaka: Babbar Sallah ta faɗo farkon Yuni a 2025, kuma tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, wato tana zuwa daidai lokacin da ake shirin buɗe mangaza. A sayi rago mai ƙashi, ramamme don yunwa ba don ciwo ba. A buɗe bakinsa a duba haƙora, wanda ya fitar da manyan haƙora biyu ya fi saurin ɗaukar nama kuma ya isa layya. A duba ido da hanci, kada a ga majina. A duba ƙarƙashin wutsiya, kada a ga alamar zawo. A sa shi ya yi tafiya a ga ƙafafunsa. A je kasuwa da wanda ya san dabba, kuma a san ladan dillali kafin ciniki.

Da an kawo shi gida, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa rigakafi. Dakoro na cikin wuraren farko a Nijar da aka kafa tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa da mataimakansa a ƙauyuka, da taimakon ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara, don haka a nemi mataimakin da ke kusa maimakon sayen allura a tire a kasuwa. A ɗaure shi a inuwa, ruwa mai tsabta kullum, da ɗan kanwa ko gishirin lasa. Abincinsa harawa da dusa da kowar wake da 'ya'yan gawo. Ribar turka a abinci take ɓuya: wanda ya tara harawarsa tun kaka ya ɗora a kan rumfa, ya ci riba tun kafin ya sayar, wanda zai sayi harawa a Afrilu, ragon ne zai cinye shi. Wata uku zuwa huɗu sun isa. Idan aka wuce haka, abin da yake ci ya fi abin da yake ƙarawa.

Ba kowa ne zai yi rago ba, kuma bai kamata ba, domin idan gari duka ya fito da raguna rana ɗaya an koma matsalar kaka. Mace mai matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli za ta sayi gyaɗarta da yawa lokacin araha maimakon tiya-tiya. Wata ta sayi jar akuya, wadda ke yawan haihuwar tagwaye. Saurayi ya haɗa da ɗan'uwansa su sayi amalanke da jaki, su yi jigilar ruwa da taki da kayan kasuwa. Wani ya sayi harawa da karan dawa a kaka ya adana, ya sayar wa masu dabbobi a bazara, sana'ar da mutane ke rainawa alhali a bakin Tarka ciyawa kuɗi ce. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samari ke ɗibar hanya zuwa arewa, wasu su dawo da abu, wasu su dawo da ciwo, wasu shiru. Ba na cewa rago biyu za su tsayar da kowa a gida. Amma saurayin da ke da abin juyawa a hannunsa yana da dalilin yin shawara kafin ya hau mota.

Kowa ya riƙe ɗan littafi ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa: abin da aka saya, abin da aka ciyar, abin da aka sayar. Da yawa suna cewa sun ci riba don sun sayar da rago fiye da yadda suka saya, ba su lissafa dusar wata huɗu ba.

Ranar buɗewa

A sa ranar biya ta riga ranar buɗewa da mako biyu, don a san masu gibi da wuri. Tun a taron farko a rubuta abin da za a yi da wanda ya gaza: a sayar da buhunansa gwargwadon bashinsa, a miƙa masa saura. Idan an rubuta tun kowa na murmushi, ranar aiwatarwa ba ta zama gaba.

Farashi ba ya tashi kowace shekara, wannan a faɗa wa kowa tun farko. Idan damina ta yi kyau ko'ina har Najeriya, hatsi na iya kwanciya. Idan naira ta faɗi, ɗan kasuwar Kano ba ya iya sayen wake da sefa kamar da. Idan hukumar OPVN ta fito da hatsi a farashi mai rahusa, kasuwa na sauka. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda hanyar Jibiya ke iya toshewa dare ɗaya, kuma a Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje in ban da Mali da Burkina Faso. Saboda haka ƙungiya ta sa mutum ɗaya ya riƙa bin farashi mako-mako, daga kasuwar Dakoro, da sanarwar hukumar SIMA a rediyo, da bayanan da cibiyar RECA ke aikawa manoma ta waya da WhatsApp cikin Hausa. Idan farashi ya kai inda lissafi ya biya da riba mai kyau, a sayar. Jiran ƙololuwa ya sha jefa mutane cikin asara, musamman idan ruwa ya sauka da wuri, 'yan kasuwa suka fito da abin da suka ɓoye.

A sayar tare. Buhu biyar a hannun mutum ɗaya ciniki ne na dillali. Buhu ɗari biyu masu tsabta, awo ɗaya, a wuri ɗaya, babban ɗan kasuwa zai turo mota har ƙofar mangaza, kuma ƙungiya ce za ta faɗi farashi. Irin wannan tarin ne kuma ke ba ƙungiya damar shiga sayayyar da OPVN ko hukumar abinci ta duniya ke yi kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma.

Kuɗin da ya fito a Mayu ya zo daidai lokacin da gona ke nema. A haɗa oda ɗaya ta iri mai saurin nuna, irin geron HKP da ya dace da gajeren ruwan Dakoro, da taki. Ba sai buhu-buhu ba: dabarar ɗan taki a gindin shuka, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yi aiki a kai, tana buƙatar giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK a kowane rami, abin da yatsu uku za su tsunkuno ko murfin kwalbar lemo zai ɗauka. A kan jigawar da aka zuba wa takin gida, aka kuma bar mata 'yan itatuwan gawo da kalgo da sabara suna tsirowa, wannan ɗan takin yana ƙara damin da za a kai mangaza a kaka mai zuwa.

Kafin a watse a ranar rabo, a karanta littafi da babbar murya a gaban kowa: buhu nawa suka shiga, nawa suka fito, nawa aka kashe, nawa ya rage. A cire wani abu daga kowane buhu, ko sefa 250 ne, a zuba a asusun ƙungiya. Daga wannan tarin za a gyara rufi, a sayi sikeli da ledojin wake, kuma shi ne zai rage yawan abin da za a nema a waje shekara mai zuwa. Sannan a tsayar da ranar taron Agusta, a ba mutum biyu aikin komawa wurin asusu da sabon ƙiyasi.